MAƘALAR MAKO: Mai Lasifika Ya Riga Mu Isa Kunnen Baba

 Yau za mu ɗan jingine maganar salo da zubin labari, mu leƙa wani fage da ke jiran alƙalaminmu: yadda iyayenmu da kakanninmu ke samun bayani a kan lafiyarsu, da abin da suke yi da bayanin idan ya iso gare su.

Dattijo ɗan shekara saba'in a Kano ko Damagaram ba ya fama da ƙarancin bayani. Yawa ma ya yi masa. Da asuba rediyo na gefen shimfiɗarsa, kuma tsohuwar abota ce tsakaninsu, tunda Sashen Hausa na BBC ya fara magana tun 1957, yana yaro. Daga buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 zuwa yau tashoshi masu zaman kansu sun cika gari, kuma a da yawa daga cikinsu za ka ji filin likita, can an jima ka ji filin da mai magani ya saya da kuɗinsa, duk daga akwati ɗaya. Idan ya fita majalisa akwai abokin da ya taɓa yin irin ciwon. A bakin kasuwa ga mota da lasifika. A lungu ga mai kemis, wanda kowa ke ce wa dakta. Hajiya kuma tana da nata hanyoyin: gidan suna, gidan biki, makarantar Islamiyya ta matan aure, da jikar da ke kunna mata saƙon murya na WhatsApp da aka turo daga zauren dangi.

Duk waɗannan hanyoyi ta kunne suke shiga, kuma kowannensu na tafe da fuskar wani da aka sani ko muryar da aka saba da ita. Tsoho ba ya tambayar wace hujja aka kawo. Abin da yake tambaya shi ne: wa ya faɗa? Kada mu raina wannan tambaya. Mutumin da bai yi karatun likita ba, ba shi da ma'aunin da ya wuce amana, kuma mu ma da muke taƙama da boko haka muke yi idan mota ta lalace mana. Inda gizo ke saƙar shi ne saƙon WhatsApp yana aron amanar wanda ya tura shi. Wanda ya ƙirƙiri maganar ba a san shi ba, amma tunda ta wayar ɗan Yaya ta shigo, ta zama maganar ɗan Yaya.

Waɗanda suka yi wayo a 2014 za su tuna daren ruwan gishiri. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na shekarar, sai a farkon Agusta saƙo ya zagaye ƙasar cikin dare ɗaya, ta kiran waya da tes, cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, wai rigakafi ne. 'Ya'ya suka riƙa tayar da iyayensu daga barci, saboda ƙauna. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti. Ebolar kanta mutum takwas ta kashe a Najeriya kafin a ayyana ƙarshenta ranar 20 ga Oktoba, kuma ba ta ƙetaro Arewa ba. Gishirin ne ya ƙetaro. Ku duba kuma wa kofin ruwan gishiri ya fi yi wa illa a cikin gida: mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, wato Baba da Inna.

To me ya sa mai lasifika ke cin kasuwa? Ra'ayinmu a nan shi ne ya fi kowa iya Hausar ciwo. Tsaya ka saurare shi wata rana da kunnen marubuci. Ba zai ce maka "matsalar ƙashin baya" ba. Zai ce ka tashi da safe ka ji ƙugunka kamar an ɗora maka dutsen niƙa, ka sunkuya alwala ka kasa miƙewa sai ka dafa bango. Tsohon da ke wucewa zai ja birki, don an faɗi abin da ke jikinsa da kalmomin da shi kansa zai faɗa. A asibiti kuwa layi ne tun safe, likita na da 'yan mintuna, wataƙila ma ba ya jin Hausa sosai, sai an sa jika ya yi tafinta. Nan kuma kunya ta shigo. Wane dattijo ne zai faɗa a gaban 'yarsa cewa yana tashi fitsari sau biyar da dare, kuma idan ya tsuguna sai ya yi ta jira? Wace uwa ce za ta yi bayanin jinin da ta gani, shekara goma bayan ɗaukewar al'ada, ɗanta na tsaye a kanta? Sai a ce wa likita "jikin ne dai ba daɗi", a karɓi farasitamol a dawo gida. Mai lasifika kuwa ya ambaci abin ƙarara, ba tare da kowa ya kalli fuskar Baba ba. Alhali na farkon sau da yawa wani ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet, yake girma da shekaru yana matse hanyar fitsari, kuma ana maganinsa. Na biyun kuwa alama ce da ba a kwana da ita, domin tana iya zama farkon sankarar mahaifa.

Yanzu mu zo inda ya fi shafarmu, wato kalmomi. Sunan da aka raɗa wa cuta yana koyar da mutum wani abu tun kafin likita ya buɗe baki.

Ɗauki "hawan jini". Wanda ya ji wannan suna zai iya fahimtar cewa jini ne ya yi yawa ya hau sama, don haka idan wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe wani, an rage. Zai kuma ɗauka abu ne mai hawa da sauka kamar zazzaɓi: ya hau a sha magani, ya sauka a ajiye. Ga kuma abin da kowa ke faɗa, wai tunani ne ke kawo shi, don haka wanda hankalinsa ke kwance ya tsira. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya, kuma idan awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama a lokuta daban-daban, an shiga sahu. Yawancin masu shi ba sa jin komai, ba ciwon kai ba jiri, har ranar da zai taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda. Maganin kuma riƙe shi yake yi, ba ya korarsa. Idan awo ya yi kyau, alama ce ƙwayar na aiki, kuma a daidai nan ne tsofaffi da yawa ke cewa "na warke" su daina. Jimla ɗaya mai kyau da za ta zaunar da wannan a zuciyar tsoho ta fi shafi goma na nasiha. Mu gwada: maganin hawan jini kamar madogarar ƙofa yake, ƙofar na tsaye ne don yana wurin. Wani a cikinmu zai samo wadda ta fi wannan.

"Ciwon suga" ma haka. Sunan ya sa ana ganin sukarin shayi ne kaɗai abokin gaba, sai a ajiye shi a ɗauko zuma, ana ganin an yi dabara. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Tuwo da shinkafa da burodi da fura duk suna narkewa su zama suga a jini, har da tuwon alkama da ake ɗauka kamar magani, a cika kwano da shi. Yawan abin da aka ci a zama ɗaya yana cikin lissafi. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Inna za ta rantse ta rage gishiri, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai ba wanda ya gaya mata cewa kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce.

Sai manyan buhunan nan guda uku da ake zuba kowace cuta a ciki: basir, sanyi, shawara. Kusan duk abin da ya faru daga cibiya zuwa ƙasa basir ne. Amma jini a bayan gida ga mai shekara sittin, tare da rama, yana iya zama ciwon daji na hanji, kuma watannin da aka ɓata ana shan jiƙo su ne watannin da aiki zai yi amfani. Shawara kuma, idon da ya yi rawaya alama ce kawai, tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko toshewar hanyar matsarmama, ko wani abin daban, kowanne da maganinsa. Ba muna cewa a kori waɗannan kalmomi ba ne. Su ne ƙofar shiga, da su tsoho zai gane da shi ake. Aikin marubuci shi ne ya shiga ta ƙofar, sannan ya zazzage buhun a gaban mai shi, ya nuna masa abin da ke ciki kala-kala ne.

Lambobi ma suna da nasu rikicin, kuma ba mu cika ganin an yi bayaninsa da Hausa ba. Na'urar gwajin suga ta wani gida za ta nuna 126, ta wani gidan ta nuna 7, takardar asibitin Maraɗi ko Yamai kuma ta nuna 1,26. Duk abu ɗaya suke faɗa, ma'auni ne ya bambanta, kamar mudu da tiya. Ana ninka na biyun sau 18 a sami na farkon. Wannan adadi, idan an gwada kafin karin kumallo kuma ya maimaitu, shi ne iyakar da ake cewa mutum na da ciwon suga. Ka ɗauka Alhaji ya ji a majalisa abokinsa na cewa nasa 9 ne, shi kuma tasa na'urar na nuna 110. Zai kwana da fargaba, alhali nasa ya fi na abokin kyau nesa ba kusa ba. Ga 'yan uwanmu da ke tsallaka iyaka neman magani tsakanin Katsina da Maraɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka "sau uku a rana". Mai kemis ya ja layi uku a jikin leda, an gama. Tsohon da ba ya ɗaura agogo, lokacinsa na tafiya ne da salla. Idan ma'aikacin lafiya ya tabbatar tazarar awa takwas ake nufi, to asuba, azahar da lokacin kwanciya bayan isha sun fi kusa da ita a kan safe, rana da yamma da za a iya haɗe su cikin awa tara. "Cokali ɗaya" kuma wane cokalin? Na shayi mililita 5 ne, na cin abinci ya ninka shi uku.

Akwai kuma abin da ke sa tsoho ya bar magani shiru ba tare da ya gaya wa kowa ba. Amlodifin, da ake yawan bayarwa don hawan jini, yakan kumbura ƙafa. Lisinofiril yakan kawo busasshen tari. Metfomin na masu suga yakan ɓata ciki a farkon fara shi. Wanda ba a gaya masa ba zai ce maganin bature bai karɓe shi ba, ya koma wurin mai lasifika, alhali da ya koma ya faɗa, canza masa za a yi ko a daidaita. Ta ɗaya gefen kuma ga haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya. Sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, waɗanda yawan shansu ke cin ƙoda, ya tayar da gyambon ciki, ya kuma ƙara hawan jinin. Idan da irin su deksametason a ciki, suga ma zai tashi. Gwiwa ta yi sauƙi yau, shi ya sa ake komawa gobe. Da azumi kuma, mai shan maganin suga na bukatar ganin likita tun cikin Sha'aban. Gumi da rawar jiki da ruɗewa da rana alamar suga ya faɗi ne, kuma ƙa'idar likitoci ita ce idan ya sauka ƙasa da 70 a sha ruwa nan take. Wannan bayani ya fi shiga idan malami da likita suka faɗe shi a zama ɗaya.

Wani zai ce ai tsofaffin ne da taurin kai, ba su yarda da asibiti ba. Mu yi adalci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200 a Kano. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka kai ƙara, har aka yi sulhu da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Iyayen yaran wancan lokaci su ne dattawan yau. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan tabo na cikin abin da mutane ke nunawa. An dawo da rigakafin a 2004, kuma abin da ya karya turjiyar a hankali shi ne shigowar sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta 2020. Rubutun da ya buɗe da kiran mutane jahilai, a layin farko mai sauraro zai tashi ya bar shi.

Ga kuma ƙorafin da muka san zai fito daga cikinmu: marubuci ba likita ba ne, idan ya tsoma baki a harkar magani zai iya kashe mutum. Gaskiya ne, kuma marubuci mai daɗin baki da bayanin ƙarya ya fi mai lasifika haɗari, don shi ana ganinsa da rigar ilimi. Sai dai shirun masu iya rubutu bai taɓa sa fagen ya zauna babu kowa ba. Abin da ya dace shi ne a raba aiki. Ilimin na ma'aikacin lafiya ne, Hausar tamu ce. Kusan kowannenmu na da nas ko likita ko mai haɗa magunguna a dangi ko a unguwa. A zauna da shi, a rubuta, a mayar masa ya duba kafin a saki, a sa sunansa da izininsa da kwanan wata, don a amsa tambayar nan ta "wa ya faɗa?" Kada rubutunmu ya ce wa kowa ya fara wani magani ko ya daina. Iyakarmu mu bayyana yadda abu ke aiki, mu faɗi alamar da ba a jira da ita, mu koya wa mutum tambayar da zai yi idan ya shiga ɗakin likita.

Misali ɗaya na irin abin da marubuci zai iya fassarawa ba tare da ya zama likita ba: lambar NAFDAC. Mai magani zai ɗaga kwalba ya ce "ga lambar gwamnati". Lambar da hukumar ke bai wa yawancin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba a gwajin da aka yi. Ba ta ce maganin na warkar da cututtuka goma sha biyun da aka jera ba. Shi ya sa a jikin kwalbar ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, amma da Turanci, da haruffan da ko mai shekara talatin sai ya ƙanƙance ido.

Masu rubuta ƙagaggun labarai, ku ma da ku ake. An saba a littafi da fim: Alhaji ya ji mummunan labari, ya dafe ƙirji ya faɗi, likita ya fito yana goge gilashi ya ce jininsa ne ya hau, a guji ɓata masa rai. Wannan fage kaɗai ya koyar da dubban gidaje cewa hawan jini ɓacin rai ne. Ana iya rubuta shi daban, kuma zai fi tsuma mai karatu: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, wata a gidan ta ce iska ce a kira mai ruƙiyya, wata ta ɗebo ruwa za ta ɗura masa, ƙaramar jika ta hana don ta ji cewa mai shanyewar ɓarin jiki na iya shaƙewa, ta dage a nemi mota yanzu-yanzu, addu'a a yi ta a hanya. Ga rikici, ga hali, ga kuma bayanin da wata rana zai tashi a kan wani mai karatu da tsakar dare.

Abu na ƙarshe shi ne siffar rubutun. Wanda muke yi dominsa wataƙila ba zai taɓa ganin shafin ba, ji zai yi. Don haka a rubuta don kunne: gajerun jimloli, saƙo ɗaya a rubutu ɗaya, a maimaita muhimmin wuri kamar yadda mai wa'azi ke yi, a fara da gaisuwar da ta dace da babba. Idan za a buga a takarda, a ƙara girman haruffa, ido na raguwa tun daga shekara arba'in. Kada kuma a manta da ajami. Dattawa da yawa da takardun ƙidaya ke sawa a layin marasa karatu suna karanta ajami tiryan-tiryan, kuma sunan magani da lokacin shansa da aka rubuta musu da shi a jikin kwali ya fi layi uku na biro.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: a zaɓi kalma ɗaya, hawan jini ko suga ko basir ko shawara, a rubuta bayanin da ba zai wuce minti biyu ba idan an karanta a bayyane. A kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. Sannan a karanta wa wani dattijo ko dattijuwa a gida, a bar shi ya kwana, washegari a roƙe su su maimaita abin da suka ji. A kawo mana rubutun tare da abin da suka maimaita, kalma da kalma, ranar Juma'a in Allah ya kai mu.